An Ce In Daina Yi wa 'Ya'yana Hausa a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Zariya, 'ya'yana biyu. Babbar shekararta bakwai, tana aji biyu na firamare a wata makarantar kuɗi. Ƙaramin shekararsa biyu da wata takwas, har yau bai fara magana ba, sai nuni da kuka. Da na je karɓar sakamako, shugabar makarantar ta kira ni ofis, ta ce Hausar da muke yi a gida ce ta hana yarinyar iya Turanci, kuma ita ce ta rikita ƙaramin, wai harshe biyu sun yi wa kansa yawa. Ta ce ai ko gwamnati ma ta soke koyarwa da harshen uwa. Tun daga ranar na hana Hausa a gidan. To ni Turancina na sakandare ne, kakarsu kuwa ba ta jin ko ɗaya. Wata uku ke nan. Yarinyar da take cika mana gida da surutu ta koma shiru-shiru, ƙaramin kuma yana nan yadda yake. Ga ƙanin maigidana da ke Maraɗi yana cewa su can an mai da Hausa harshen ƙasa, mu kuma muna gudunta. Malam, ba na iya barci. Gyara su nake yi ko cutar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ki mayar da Hausa gidanki yau ɗin nan. Idan yarinyar ta dawo daga makaranta ki tambaye ta abin da ta saya da kuɗin tara, da wadda suka yi faɗa, da abin da anti ta ce, duk da Hausa. Ki ce wa kakarsu ta ci gaba da tatsuniyarta. Na san alheri kika nufa, kuma wadda ta ba ki shawarar tana zaune a kujerar da ya kamata a ce ta san abin da take faɗa. Amma shawarar ba daidai ba ce, a kan ƙaramin ma tana da haɗari, shi ya sa da shi zan fara.

Yaron da ya kai shekara biyu da wata takwas bai furta kalma ba, kunnensa ake fara dubawa. Yawancin yara sukan fara cewa "mama" ko "baba" wajen shekara ɗaya, zuwa shekara biyu kuma sun fara haɗa kalma biyu, irin su "ba ni" ko "Baba tafi". Yaran da suka taso da harshe biyu ba su fita daga wannan ma'aunin ba. Sukan cakuɗa harsunan, rabin jimla a nan rabi a can, yadda suke jin manyan gidan suna yi, kuma in za a ƙirga kalmomin da suka sani sai a haɗa na harsunan biyu a ƙirga tare. Ki dubi Yola, inda yaro ke tashi da Fulatanci a ɗakin uwarsa da Hausa a ƙofar gida. Ki dubi Maiduguri, Barbarci da Hausa, wani har da Larabcin Shuwa. Ki dubi zangon Kumasi, Hausa a gida, harshen Asante a kasuwa, Turanci a makaranta. Da harshe biyu na hana magana, da waɗannan garuruwan sun cika da bebaye.

Ki tuna baya. Ya yi shawara a makonsa na farko har idonsa ya yi rawaya sosai? Ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko zazzaɓin da ya kai shi ga jijjiga? Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya? In kin kira sunansa ta baya, ba ya ganinki, yana waiwayowa? In kin ce "ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ko kin kalli takalmin ba, yana ɗaukowa? Yaran da jinsu ya yi rauni suna da wayon karanta fuska da hannu, shi ya sa za ki ji uwa tana rantsuwa ɗanta yana ji, alhali idonta yake bi. Ko me amsoshin nan suka kasance, ki kai shi asibiti cikin makon nan, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ki ce gwajin ji kike so a yi masa. Akwai na'urar da ke gwada jin yaro ko yana barci, ba ta bukatar ya ce komai. Ga Kaduna kusa da ke, can Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa take. In kunnen lafiya lau, likitan yara zai bi sauran dalilan. A Amurka ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, don sun san shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Mu nan akasarin jarirai ba a gwada su, sai uwa ta lura da kanta. Ke kin lura, aka karkatar da ke. Wata uku sun tafi kina jiran Turanci ya buɗe masa baki, kada a ƙara ko ɗaya. Kuma duk wanda ya ce a kai shi wurin wanzami a cire masa beli ko a yanke ƙasan harshensa don ya yi magana, ki ƙi. Jini zai zubar, ƙwayar cuta ta samu hanya, kunnen kuma yana nan ba a duba ba.

Sai maganar gwamnati, tunda da ita aka rufe miki baki. Gaskiya ne an yi sanarwar. Tun 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta ce a koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A ƙarshen 2022, zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu, aka tsawaita abin zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa an soke, Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa fiye da kima. Ina girmama ofishinsa, kuma na yarda ƙasar da ke da harsuna sama da 500 tana da ajujuwan da malami bai san da wane harshe zai fara ba. Amma lissafin bai fita ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 bai wuce aji uku ba lokacin da aka yi sanarwar, ina ya ga WAEC? Tun ranar da aka amince da manufar ta 2022 ministan wancan lokacin ya faɗa da bakinsa cewa sai an tanadi littattafai da malamai kafin ta fara aiki sosai. An soke abin da ba a gwada ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ko sanarwar nan, a kan aji take magana. Babu ministan da ya ce uwa ta daina yi wa 'ya'yanta harshenta a tsakar gidanta. Wannan ƙarin shugabar makarantar ce ta yi shi.

Ƙanin maigidanki ma gaskiya ya faɗa. Kundin mulkin da shugaban Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. A watan ne Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, bayan Mali ta riga ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a kundinta na 2023. A Gana, makonni kaɗan kafin sanarwar Abuja, ministan ilimi Haruna Iddrisu ya ba da umarnin koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Kin ga maƙwabta sun fuskanci gabas mu mun fuskanci yamma a cikin shekara guda. Siyasa ce ke juya waɗannan, rikicin Sahel da Faransa a can, tsoron sakamakon jarrabawa a nan. Ƙwaƙwalwar 'yar shekara bakwai kuwa yadda take aiki a Maraɗi haka take aiki a Zariya. Abu ɗaya zan roƙi 'yan'uwanmu na Nijar: dokarsu ta 2001 harsuna goma ta kira harsunan ƙasa, don haka kada murnar ɗaukakar Hausa ta sa a yi wa ɗan Zabarmawa a Doso ko ɗan Barebari a Difa abin da muke kuka an yi mana.

Yanzu bari in zauna a kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don babu makon da zai wuce ban ji shi ba, daga bakin masu makarantu, da iyaye masu digiri, har da ɗaliban da nake koya wa aikin malanta. Sun ɗauka kan yaro kamar tulu ne, in Hausa ta cika shi babu inda Turanci zai shiga, sai an zubar da ita. Daga wannan tunanin komai ya fito: tarar naira hamsin ga wanda ya yi banakula, monita da takardarsa yana rubuta sunayen masu Hausa, allon da aka kafa a bakin ƙofa cewa nan ba a yin yare, da kiran uwa ofis a ɗora mata laifi.

Karatu sau ɗaya ɗan Adam yake koyonsa a rayuwa. Ranar da yaro ya gane cewa waɗannan zane-zanen da ke kan takarda sautuka ne, in ya haɗa su za su ba shi maganar da ya sani, ya haye. Ba zai sake koyon wannan ba ko harshe nawa ya ƙara. Abin tambaya shi ne, da wane harshe ya fi saurin hayewa? In ya haɗa "ra" da "go" ya ji "rago" ya fito, sai ki ga fuskarsa ta washe, don ya san rago, ya taɓa jan igiyarsa ranar jajiberin Sallah. In kuwa ya sha wahala ya haɗa baƙaƙen ya furta kalmar da bai taɓa ji ba, babu abin da zai gaya masa ya yi daidai ko ya yi kuskure. Nauyi biyu aka ɗora masa lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe. Ga shi rubutun boko na Hausa yana da sauƙin hali, kusan kowane harafi da sautinsa guda, yaro mai malamin kirki yakan fara haɗa baƙi cikin 'yan watanni. Rubutun Turanci ba haka yake ba. Harafin "a" kaɗai sauti daban yake bayarwa a cat da cake da call, har 'ya'yan Ingila da aka haifa cikin harshen sukan ɗauki lokaci fiye da 'ya'yan Italiya ko Finlan kafin karatunsu ya miƙe. Da wannan muke fara wa yaron da bai taɓa jin harshen ba, in ya kasa mu ce Hausa ce ta hana shi.

Na taɓa zuwa wata makarantar ƙauye duba ɗalibina da ke gwajin koyarwa a aji uku. Yana koyar da ɗebewa, da Turanci, yana maimaita jimla ɗaya yana ɗaga murya kamar ƙarar ce za ta fassara ta. Ya ta da wata yarinya a bencin baya, farantin gyaɗarta na ƙarƙashin benci da ɗan kyalle a rufe. Ta tsaya tana murza bakin hijabinta. Ya juyo ya ce mini a hankali, "Malam, wannan daƙiƙiya ce." Na matsa kusa da ita na ce, "In na sayi gyaɗar naira saba'in na ba ki ɗari biyu, nawa ne canjina?" Ban rufe baki ba ta ce, "Ɗari da talatin." Ta ɗan yi shiru, ta ƙara da cewa, "In ka ƙara ta talatin sai in ba ka ɗari cif." Lissafi biyu ta yi a ka, a tsaye, a gaban baƙo. Shekara uku tana zaune a ajin nan da sunan ba ta da ƙwaƙwalwa. Irinta nawa ne aka cire daga makaranta aka ce boko bai karɓe su ba? Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa kashi 37 cikin 100 na ɗaliban ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana koyar da su da harshen da ba sa ji.

Za ki ce 'yarki ba a ƙauye take ba, makarantar kuɗi take. A can ciwon kama ɗaya yake canzawa. Yaro zai miƙe ranar walimar yaye ɗalibai ya zubo Turanci shafi guda da lanƙwasar harshe, iyaye na ɗauka a waya, ana liƙa masa kuɗi. Ki ja shi gefe ki tambaye shi, da kowane harshe kika ga dama, wa ya yi me a labarin, kuma don me. Sai ido. Karatun aku ke nan. Mai makaranta ya san abin da kunnen uba ke son ji lokacin biyan kuɗin zango, shi yake sayarwa. Fahimta ba ta da amo, ba a iya nuna ta a filin taro, sai yaro ya kai aji huɗu ko biyar, lokacin da ake daina koyon karatu a fara karatu don koyon wani abu, sannan asiri ya tonu. A nan sai a ce a sa shi lesin, a ƙara kuɗi.

Masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya bambance abin tun wajen 1980. Ya nuna 'ya'yan baƙi sukan iya Turancin hira cikin shekara biyu, amma Turancin da ake fahimtar darasi da shi yakan ɗauke su shekara biyar zuwa bakwai. A Kanada fa ke nan, inda Turanci ke kan titi da kanti da filin wasa. Mu da yaro ke jin sa a aji kawai, sau da yawa daga bakin malamin da shi ma lallaɓawa yake yi, muna so ya fara koyon kimiyya da shi tun ranar farko.

Ba sai mun je Kanada ba ma. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwaji a wata firamare a Modakeke. Rukuni ɗaya aka koya musu komai da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma darasi ne mai zaman kansa. Ɗaya rukunin aka bi tsarin da aka saba, Yarbanci shekara uku sannan a juya Turanci. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu, aka bi yaran har sakandare. 'Yan Yarbancin sun fi a darussa, kuma Turancin da aka ji musu tsoro ba su gaza a cikinsa ba. A Habasha, bayan manufar 1994, jihohin da suka riƙe harshen uwa har aji takwas, irin su Tigray da Oromiya, sun fi waɗanda suka yi saurin komawa Turanci a gwajin ƙasa na aji takwas. A Nijar tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Fiye da shekara hamsin ke nan muna da amsar a hannu. Mun ma fi haka daɗewa da ita. Malaman zaure da suka ƙware a nahawu da fiƙihu har suka yi rubutu da Larabci, ta yaya suka koya? Malam ya karanta kalma ya fassara da Hausa, ya karanta ya fassara, har littafi ya ƙare. Ba a taɓa cin almajiri tara don ya yi Hausa a zaure ba. Nana Asma'u ta san Larabci sarai, amma da za ta ilimantar da matan karkara, waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta ba jajis, wato matan da ta horar su koyar, su kai musu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da shawarar nan ke yi wa gida. Kin ce Turancinki na sakandare ne. Ki saurari kanki na yini ɗaya, me kike iya gaya wa 'yarki da shi? Zo, zauna, ci abinci, bari, yi shiru, je ki kwanta. Umarni zalla. Da Hausa kuwa kina gaya mata dalilin da ya sa ba a barin tuwo a buɗe, da yadda kuka yi da kakarta shekarar da ruwa ya ci gidanku, kina cewa "da a ce kin gaya mini da wuri, da ba haka ba", kina yi mata kacici-kacici, tana musu kina ba ta amsa. A cikin irin wannan doguwar magana yaro ke koyon jera labari daga farko zuwa ƙarshe, da haɗa dalili da sakamako, da tambayar "don me". Su ne kayan da zai ɗauka ya shiga Turanci da su, su ne kuma ake nema a jarrabawar fahimta da insha'i. Da aka hana ki Hausa, ba a ƙara wa yarinyar Turanci ba, hira aka rage mata. An raba ta da kakarta suna gida ɗaya. Shirun da kike gani, yarinya ce da ta gane duk abin da ke bakinta laifi ne, wanda aka halatta mata kuma bai ishe ta faɗin abin da ke ranta ba. In aka ci gaba a haka sai a wayi gari ba tsuntsu ba tarko, Hausar ta tsaya a ta 'yar shekara bakwai, Turancin kuma na hadda. Shi kuma ƙaramin, in har jinsa ya yi rauni, a daidai lokacin da ya fi bukatar a yi ta yi masa magana kusa da kunne, fuska da fuska, sai gidan ya yi tsit.

Kada ki fahimce ni a karkace. 'Yarki tana bukatar Turanci, mai kyau kuwa, da shi za ta rubuta WAEC, da shi za ta yi jami'a. Gwajin Ife bai yi nasara don an yi Yarbanci kawai ba. An rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, an horar da malamai, an kuma ba darasin Turanci ga malamin da ya ƙware a kansa. Wannan shi ne aikin da hukumominmu ke gudu, don yana cin kuɗi da shekaru, sanarwa kuwa kyauta ce. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, sama da 21,000 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi jayayya a kan yadda aka yi gwajin, kuma ban ga laifin malamin da aka ɗauka ba horo ake biyansa abin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Amma a ce wa wannan malamin daga yau komai da Turanci, me ake tsammanin zai fito? Abin da ke faruwa a yawancin ajujuwanmu shi ne ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa a ɓoye kamar mai sata, littafin Hausa babu, jarrabawa kuma da Turanci. Ko littattafan koyon karatu da Hausa da aka raba a Bauci da Sakkwato ƙarƙashin shirin Mu Karanta, hukumar USAID ta Amurka ce ta ɗauki nauyinsu, ita kuma gwamnatin Trump ta rushe ta a 2025. Harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Agadas zuwa Kumasi, har Sudan, a ce sai baƙo ya buga wa 'ya'yanmu littafin aji ɗaya. Wannan abin kunyarmu ne, mu malamai da gwamnoni da masu kuɗinmu, ba na uwar da ke yi wa 'yarta magana da harshen da aka yi mata ba.

Ba sai kin yi faɗa da makarantar ba, kuma ba sai kin cire ta ba tukuna. Su yi Turancinsu a aji. Ke ki nemi ƙananan littattafan labarai na Hausa a kasuwa, ko ki rubuta mata da hannunki a takarda: sunanta, sunan ƙaninta, tuwo, miya, kaza, gida. Minti goma sha biyar bayan magariba ya isa. Baƙaƙen da ta sani daga makaranta su ne dai, sai ɓ da ɗ da ƙ da 'y, da irin su ts da sh, za ki nuna mata. In ta kawo littafin Turancinta, ta karanta miki, sannan ki ce ta ba ki labarin da Hausa. In ta iya, ta fahimta. In ba ta iya ba, kin gano inda matsalar take, kuma kin samu abin da za ki kai wa shugabar makarantar. Ki tambaye ta cikin ladabi minti nawa ake ba kowane yaro ya yi magana da Turanci da bakinsa a rana, ban da amshi, da littattafan labari nawa ke ajin, da kuma ko ana cin tarar masu Hausa. In ana ci, ki ce ba ki yarda a ci ta 'yarki ba, kuma ki nemi wasu iyayen ku faɗa tare a taron iyaye da malamai. Ki samu maigidan ku yi maganar nan a tsanake, don in ke kina Hausa shi yana harara, yarinyar shi za ta bi.

Kada ki damu in ba ta saki jiki a ranar farko ba, wata uku aka yi ana koya mata tsoron bakinta. Ki bar ta da kakarta su yi ta yi, ke ki yi kamar ba kya ji.

Ranar da za ki kai ƙaramin asibiti ki tafi da katin rigakafinsa da duk wata takardar jinyar da ya taɓa yi, musamman in an taɓa yi masa allurai a jere yana jariri, don akwai magungunan da ke taɓa ji, likita zai so ya sani. Kafin ranar ki rubuta duk kalmar da kika tabbatar yana ganewa ba tare da nuni ba, ko biyar ce, da irin sautukan da yake fitarwa. In kun dawo ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna, mu san matakin da za a ɗauka na gaba. Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya miki su.